Lifta ba ta magana, ni kuma ba na gani: yaya zan kai hawa na bakwai?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Shekara huɗu ke nan da hawan jinin ido ya tafi da ganina. Ina aiki a Abuja, ofishinmu yana hawa na bakwai. Tsohuwar liftar ginin tana da maɓallai masu tudu, na haddace nawa, ina hawa da kaina. Wata biyu da suka wuce aka sauya ta da sabuwa, wurin dannawar gilashi ne sumul, ba ta magana, ba kuma abin da hannu zai ji. Kullum sai na tsaya jiran wanda zai danna mini. Sau biyu ina tsintar kaina a wurin ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa. Na gaji da roƙo. Yaya zan nemi taimako ba tare da na zubar da girmana ba, kuma akwai abin da zan iya tilasta wa masu ginin?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ƙara maka haƙuri da juriya. Na daɗe ina koya wa masu larurar gani tafiya da farar sanda, kuma wannan koke naka yana ƙara yawa a 'yan shekarun nan, tun da masu gine-gine suka fara sha'awar gilashi mai sheƙi a madadin maɓalli.

Ka fara lura da abin da kai da kanka ka rubuta. Wata biyu da suka wuce kana kai kanka hawa na bakwai ba tare da kowa ba. A wannan tsakanin idonka bai ƙara lalacewa ba, basirarka ba ta ragu ba. Liftar aka canza. Saboda haka abin da ya lalace yana jikin gini ne, kuma in za ka yi magana a kansa, ka yi ta da irin muryar da ma'aikaci ke kai rahoton famfon da ya fashe ko wayar wutar da ta zazzago. Abin da ke gajiyar da kai shi ne kowace safiya sai ka nemi alfarma sabuwa daga mutum sabo, kuma yau da gobe sai Allah, mai nema da mai bayarwa duk suna gajiya. Abin da nake so mu yi shi ne mu fitar da taimakon nan daga layin alfarma, mu mayar da shi tsari wanda aka yi magana a kansa sau ɗaya aka gama.

Amma kafin nan akwai abin da ba na yarda ɗalibina ya wuce shi, ko da liftar tana magana da harshe bakwai. Sanda ce ke fara shiga lifta, ƙafa ta biyo baya. Jin ƙarar buɗewar ƙofa ba shi ne shaidar cewa akwatin liftar yana gabanka ba. Ka miƙa sanda ka buga ƙasan, ka ji ta sauka a kan daɓe mai ƙarfi, sannan ka ja bakin sandar ka ji ko daɓen liftar ya daidaita da na waje. A ƙasarmu inda ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, ana komawa janareta a dawo, lifta takan tsaya ta ɗan haura ko ta ɗan gaza, ta bar tudun da ya kai tafin hannu. Mai ido yana tuntuɓe da shi, balle kai. Akwai kuma 'yar tazara tsakanin bakin liftar da bakin bene, faɗinta bai wuce yatsa biyu ba, bakin sanda kan faɗa ciki ya maƙale, don haka ka ɗaga ta kaɗan in za ka tsallake. In kana sanye da babbar riga ka tattare ta a kafaɗa tun kafin ƙofa ta buɗe. 'Yan'uwa mata kuma su tattare hijabi ko mayafi a gaba. Kada ka sa sanda don tare ƙofar da ke rufewa, domin wasu ƙofofin ba sa ganin abu siriri, sai su matse ta su lanƙwasa. Ka bar ta ta rufe, wata za ta zo.

Yanzu sai mu san irin liftar da aka sa muku, don ba duka gilashi ne iri ɗaya ba. Ka samu abokin aiki mai natsuwa ya kwatanta maka ita dalla-dalla. Tambaya ta farko: a ina ake zaɓar hawa, a cikin liftar ko a waje kafin a shiga? Manyan kamfanonin lifta irin su Schindler da Otis da KONE duk suna da tsarin da mutum ke danna lambar hawansa tun yana waje, sai allon ya nuna masa harafin liftar da zai shiga, A ko B ko C, cikinta kuwa babu maɓallin hawa ko ɗaya. An yi shi ne don a tara masu zuwa hawa ɗaya a lifta ɗaya a rage jira. Ga wanda ba ya gani matsala biyu ce, ba ka ga abin dannawa ba, ba ka kuma ga harafin da aka ba ka ba. To amma irin wannan tsarin yawanci yana zuwa da maɓalli ɗaya na gaske a ƙasan allon, mai hoton keken guragu, wasu da ɗigo uku masu tudu a kusurwa uku kamar duwatsun murhu. In ka danna shi na'urar takan fara magana, ta karɓi lambarka, ta faɗi liftar da za ka shiga, liftar ta yi ƙara don ka gane inda take, kuma ƙofarta ta daɗe a buɗe fiye da yadda ta saba. Ka shafa ƙasan allon da gefensa ka nemi wannan maɓallin. Na taɓa raka wani ɗalibina wani gini da ya shafe watanni yana wahala a ciki, muka tarar maɓallin yana nan, sitikar kamfani ce aka manna a kansa tun ranar da aka kafa liftar, ba wanda ya ɓare.

In kuwa gilashin a cikin liftar yake, tambaya ta biyu ita ce: lambobin a zane suke a wuri guda ba sa motsi, ko allo ne irin na waya da hotonsa ke canzawa? In ba sa motsi, aikinka ya yi sauƙi. Wahalar irin wannan gilashin ita ce da taɓawar fata yake aiki kamar fuskar waya, duk inda yatsa ya taɓa ya dannu, kana lalube kana kiran kowane hawa. Maganinsa kada ka yi lalube a kan gilashin kwata-kwata. Ka nemi bakin firam ɗinsa, ka bi gefen da farce, ka sa a manna maka alama mai tudu a kan firam ɗin daidai saitin lamba 7, wata kuma mai siffa daban saitin harafin G na ƙasa. Daga alamar sai ka auna yatsa nawa ne zuwa lambar, ka taɓa sau ɗaya. Ba sai an yi odar komai daga waje ba. Ƙananan duwatsun adon nan masu gam da 'yan mata ke mannawa a bayan waya suna yi, ɗigon man farce da aka maimaita sau uku ya bushe shi ma yana yi. Wata dabarar kuma, ka samu bangon roba mai kauri irin wanda masu shagon kwamfuta ke sa wa takardu, a yanka shi daidai kusurwar allon, a huda rami biyu saitin hawanka da na ƙasa. Ka ajiye a aljihu. In ka shiga ka jingina shi da kusurwar, yatsa ya faɗa rami, shi ke nan.

Kada ka manna komai sai ka gaya wa mai kula da ginin, sannan ka je da kanka ka gaya wa masu goge-goge. Wannan na biyun ma ya fi muhimmanci. Baiwar Allah mai tsaftar aiki za ta ga ɗigo a jikin gilashi ta ɗauka datti ne ta kankare, ka zo washegari ka rasa alamarka. In ka kama hannun maganar ka ce mata, "Baba, wannan ɗigon shi ne idona a cikin liftar nan," ita za ta zama mai gadinsa.

In allon mai canza hoto ne, ka manta da alama, za ta yaudare ka ne kawai. Wannan sai mutum ko gyara.

Batun tsintar kanka a wurin motoci, dalilinsa ɗaya ne cikin biyu. Ko ka shiga liftar da dama ƙasa za ta, ko wanda ya ce ya danna maka bai dannu ba, sai wani ya kira ta daga ƙasa ta tafi da kai. A ƙa'idar da ake bi a Amurka da Turai, lifta mai hawa sama tana yin ƙara sau ɗaya in ta iso, mai sauka ƙasa sau biyu. Ka saurari taku na kwana biyu ka ji ko an saita ta haka. In ba ta yi, tambaya ɗaya ta ishe ka a bakin ƙofa: "Sama za ta ko ƙasa?" Kowa yana yin wannan tambayar, har masu ido. In kuma ƙofa ta buɗe ka ji iska mai zafi, warin fetur, amsa-kuwwa da rugugin janareta, ka san ƙarƙashin ƙasa ne, kada ka fita. Wurin motoci ya fi ko'ina haɗari gare ka, direba yana ja da baya bai san kana nan ba. Ka ja baya ka tsaya a ciki. Mai shigowa zai danna maka, ko a kira ta daga sama.

Haka kuma ka san ƙamshi da sautin hawanka kamar yadda ka san zauren gidanku. Tayil ne ko kafet? Akwai injin ruwan sha da ke gunji a dama? Ƙofar gilashi ce a gaba ko doguwar baranda? Ƙidayar daƙiƙoƙi ba ta da tabbas, don liftar na iya tsayawa a hanya sau uku. Abin da ya fi tabbas shi ne alama a jikin ƙarfen bakin ƙofar liftar ta waje a hawa na bakwai, daidai tsayin kafaɗarka. Ƙofa na buɗewa ka miƙa hannu, in ka ji ta ka fita, in ba ka ji ba ka koma. A Amurka, inda dokar kare haƙƙin naƙasassu ta fito tun 1990, wajibi ne a sa lambar kowane hawa da tudu da kuma rubutun makafi a gefe biyu na wannan ƙarfen, a sa tauraro a jikin maɓallin hawan da ake fita waje. Abin da kake yi da dutsen ado shi ne abin da ya kamata ginin ya zo da shi tun farko.

Mu zo kan mutane, don a nan ne zuciyarka ta fi ciwo.

Masu gadin ƙofa su ne mutanenka. Suna nan kullum, sun san fuskarka, kuma mafi yawansu suna son taimakawa, yadda za su yi ne ba su sani ba. Kada ka bari abin ya tsaya a kan kirkin mutum ɗaya, don ranar da aka canza masa wurin aiki ka koma farko. Ka nemi shugabansu, ka zauna da shi minti goma, ku yi yarjejeniya a fili: duk wanda ke bakin aiki, in ka shigo ya kai ka bakin lifta, ya danna 7, ya tabbatar wutar lambar ta kama, ya faɗa maka da baki. Ka roƙi a rubuta wannan a littafin miƙa aikinsu yadda na dare zai gada daga na rana. Ka karɓi lambar wayar teburinsu don lokacin saukowa. Daga ranar ya zama aiki cikin ayyukansu, kamar duba katin shiga. Kai kuma ka riƙa gaisuwa da suna, ka tambayi iyali. Ba na ba da shawarar ka mayar da abin na ba da kuɗi kullum, domin ranar da babu sai a ji wani iri. Alheri lokacin salla daban ne.

Ka koya musu yadda ake yi maka jagora, ba za su sani ba sai ka faɗa. Mun taso muna ganin ɗan jagora yana riƙe da ƙarshen sanda yana jan makaho a kasuwa, don haka abin da hannun mutum ke fara kaiwa gare shi ke nan. A bakin lifta wannan haɗari ne: an ɗauke maka abin da kake jin ƙasa da shi a daidai inda ka fi buƙatarsa, kuma ƙofa na iya rufewa a tsakaninku sanda na tsakiya. Wasu kuma ta baya suke tura mutum kamar amalanke. Ka ce cikin fara'a, "Na gode, bar mini sandar, ni zan riƙe ka." Ka kama damtsensa sama da gwiwar hannu kaɗan, ka tsaya rabin taku a bayansa, jikinsa zai gaya maka lokacin tsayawa da juyawa. In mace ce ta zo taimako kuma ba ka son riƙe ta, ko ita ba ta so, ta yi gaba tana magana ka bi muryarta da sandarka, ko ka riƙe igiyar jakarta. Babu wanda zai ji kunya.

A ranar da babu mai gadi kuwa, yadda ka faɗi buƙatar yana rage rabin nauyin. "Don Allah a taimaka mini" a tsakiyar taro ba ta da mai ita, kowa zai ɗauka da wani kake, wasu ma su fara laluben aljihu. Ka juya wajen takun da ya fi kusa ka yi sallama, ka ce, "Malam, danna mini bakwai, in ya kama ka gaya mini." Gajeriya ce, ta faɗi abin da ake so, ta nuna aikin na daƙiƙa biyu ne. Ka nemi a amsa da baki, don mutane suna gyaɗa kai su manta ba ka gani. In ka ji kowa zai fita ya bar ka kai kaɗai, ka tambayi na ƙarshe, "Hawa na nawa ne nan, kuma bakwai tana kunne?" Wallahi babu zubar da girma a wannan. Mai kaya niƙi-niƙi a hannu ma haka yake cewa.

Waya tana taimakawa, amma ka san iyakarta. Manhajar Be My Eyes, wadda aka fara a Denmark a 2015, tana haɗa ka kyauta da ɗan sa-kai ta bidiyo ya duba maka ta kyamararka. Seeing AI ta Microsoft da Lookout ta Google suna karanta rubutun da kyamara ta gani da murya. A bakin lifta ta waje suna da amfani sosai, musamman wajen karanta harafin liftar da aka ba ka. Da zarar ƙofa ta rufe kuwa kana cikin akwatin ƙarfe, sabis yakan ɗauke, kiran ya yanke a daidai lokacin da kake buƙatarsa. Ga kuma ƙyallin gilashi da ke rikita kyamara. Ka riƙe ta a matsayin mafita ta ranar da ka makara a ofis kowa ya tashi.

Duk wannan da na faɗa faci ne. Gyaran yana wuyan masu ginin, kuma doka tana bayanka. Dokar haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba ka haƙƙin shiga gine-ginen jama'a daidai da kowa. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen da ake da su, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Wanda ya nuna wa mutum wariya saboda larurarsa, in mutum ne tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, in kamfani ne naira miliyan ɗaya. Sashen da ya fi yi maka amfani shi ne na 8. Ya ce in akwai shingen da ya hana ka shiga wurin da kake da haƙƙi ko wajibin shiga, ka sanar da hukumar da ke kula da wurin, ita kuma dole ta ɗauki matakin kawar da shi nan take. In ta ƙi kuma kotu ta same ta da laifi, kamfani zai biya ka diyyar naira 10,000 a kan kowace ranar da ya yi jinkiri. Nijeriya ta kuma amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2010, wadda sashenta na 9 ya ambaci alamomi da rubutun makafi a gine-gine da kuma samar da mutanen da za su yi jagora. Ka ga ke nan har taimakon mai gadin nan haƙƙi ne da aka rubuta. Kai a Abuja kake, dokar tarayya tana aiki kai tsaye. Masu karatu daga jihohi su duba dokar jiharsu, don jihohi irin su Legas da Filato da Kano da Kaduna suna da nasu.

Ba zan ɓoye maka ba, aiwatar da dokar nan yana tafiyar hawainiya, kuma gine-ginen gwamnati da yawa ba su cika ta ba. Amma amfaninta a hannunka ba sai an je kotu ba. Ta mayar da takardarka sanarwa ta doka, kuma manajan da ya san aikinsa yana gane bambancin koke da sanarwa.

Saboda haka ka rubuta. Maganar baka a baranda iska ce ke tafiya da ita. Shafi ɗaya ya isa, zuwa ga mai kula da ginin, kwafi ga shugaban ma'aikatarku da sashen kula da ma'aikata, domin sau da yawa ma'aikata haya take yi, kowa zai ce alhakin na ɗayan ne, to ka haɗa su a takarda ɗaya. Ka faɗi ranar da aka canza liftar, ka faɗi cewa kafin nan kana hawa da kanka, ka kawo ranakun da ta kai ka ƙarƙashin ƙasa. Sannan ka jero abin da kake so daga mai arha zuwa mai tsada, don kada a fake da "babu kuɗi a kasafi" a yi watsi da komai. Umarni a rubuce ga masu gadi ba ya cin ko kwabo. Izinin manna alama haka. Sai a kira kamfanin da ke yi wa liftar sabis ya duba ko tana da murya a ciki. Wannan ka matsa a kai, domin a abin da na gani sau da yawa na'urar maganar tana nan, an kashe ta ne ko an rage sautin saboda wani ya ce tana damunsa. In babu, ana iya ƙara ta ba tare da an canza liftar ba. In ana shiga da kati ne, a tambaye su ko za a saita katinka ya riƙa kiran hawa na bakwai da kansa, tsarin zaɓar hawa daga waje da yawa suna iya wannan. Na ƙarshe, allon maɓallai na gaske masu lamba mai tudu da rubutun makafi, ko a lifta ɗaya ce daga cikinsu. Ka nace a kan lamba mai tudu tare da rubutun makafin, domin wanda ya rasa gani da girma irinka sau da yawa bai koyi rubutun nan mai ɗigo shida da Louis Braille ya ƙirƙiro ba, amma yatsansa ya san siffar 7. Ka sa wa'adin mako biyu na amsa. Ka kai kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a naka.

Ka kuma nemi sanin ranar da injiniyan liftar ke zuwa sabis, ka same shi da kanka. Manaja zai ce maka sai an yi taro. Injiniya zai buɗe akwatin na'ura ya gaya maka a tsaye abin da zai yiwu da abin da ba zai yiwu ba, wani lokacin ma ya kunna muryar kafin ya tafi.

Wataƙila su ce za su dawo da teburinka ƙasa. Ka yi tunani kafin ka karɓa. Da kyakkyawar niyya ake faɗa, amma ma'aikacin da aka raba da sashensa yakan rasa taro, ya rasa labari, a hankali a manta da shi wajen ƙarin girma. In ka karɓa, ya zama na wucin gadi da wa'adi a rubuce, kuma maganar gyara tana nan.

In mako biyu suka wuce shiru, ka tura tunatarwa, sannan ka kai kwafin takardun ga Hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa, NCPWD, wadda dokar ta kafa kuma hedikwatarta na nan Abuja. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa da Hukumar karɓar koke-koken jama'a su ma suna karɓar irin wannan ba tare da kuɗi ba. Ka sanar da reshen Ƙungiyar Makafi ta Nijeriya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma takarda mai kan ƙungiya takan motsa abin da takardar mutum ɗaya ba ta motsa ba. Facebook da gidan rediyo ka bar su a ƙarshe. Wurin aikinka ne, gobe ma za ka gaisa da mutanen nan.

Saura abu biyu da ba a son tunawa. Lifta za ta tsaya da kai wata rana, wuta za a ɗauke. Sababbi da yawa suna da batirin da ke kai su hawa mafi kusa ya buɗe ƙofa, to ka sani hawan da ta buɗe ba lallai naka ba ne, ka nemi alamarka. In ba ta motsa ba, ka nemi maɓallin ƙararrawa, yawanci yana layin ƙasa na allon, ka san wurinsa tun yau, ka kuma gwada shi sau ɗaya da sanin masu gadi don ka ji ko akwai mai amsawa. In shi ma a cikin gilashin yake ba tudu, ka sa wannan a sahun farko na takardarka. Kada ka taɓa ƙoƙarin ɓamɓare ƙofa. In aka buɗe daga waje aka ce ka fito, ka tambaya ko daɓen ya daidaita, ka gwada da sanda. Lifta in ta tsaya tsakanin hawa biyu, ƙarƙashinta rami ne a buɗe, mai dirowa na iya zamewa ciki. Gara ka yi awa guda kana zufa har injiniya ya zo ya daidaita ta.

Na biyu gobara, Allah ya kiyaye. Ba a shiga lifta ranar gobara, matakala ake bi, kuma ranar ba ranar koyo ba ce. Ka sa a takardarka cewa a ware abokan aiki biyu da sunansu waɗanda za su neme ka in ƙararrawa ta kaɗa, biyu saboda ɗaya na iya tafiya hutu.

Ka nemi izinin shiga ginin ranar Asabar da safe lokacin da ba kowa, kai da mutum ɗaya da ka yarda da shi. Ku manna alamomin. Ka hau ka sauko sau goma, biyar na farko yana magana, biyar na ƙarshe ya yi shiru a kusurwa, ba zai ce komai ba sai in za ka yi kuskure mai haɗari. Daga nan ku sauko ta matakala tun daga hawa na bakwai, hannunka a kan ƙarfen gefe, kana ƙidaya taka nawa ne a kowane zango da juyi nawa ne zuwa ƙasa, ka kuma taɓa ƙofar fita ta ƙasa ka ji ko a buɗe take ko an sa mata kwaɗo. In ka tarar da kwaɗo, ka ƙara layi ɗaya a takardar kafin ka kai ta ranar Litinin.